Da wane ma'auni ake auna bayanin kayan aikin ɗan aiken AI?

Bashir_Dawanau
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Wata uku ke nan ina haɗa wa wani dillalin hatsi ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, wanda zai riƙa amsa wa abokan cinikinsa ta WhatsApp: ya faɗi farashi, ya duba abin da ya rage a sito, ya rubuta oda, ya tura takardar biya. Na ba shi kayan aiki 14, kowanne da sunansa da ɗan bayanin da na rubuta masa. Aiki yana tafiya, amma ba kullum ba. Jiya wani ya tambaya ko akwai wake a ƙasa, maimakon ɗan aiken ya duba sito sai ya buɗe masa oda. Ogan da nake koyo a wurinsa ya leƙa ya ce laifin bayanan ne. To ni duk wanda na karanta ina ganinsa a fili yake. Na farashi, misali, cewa na yi: "Yana dawo da farashin kaya." Me ya rage a faɗa? Abin da nake so in sani shi ne, da me ake auna bayani a ce wannan mai kyau ne, wancan gurgu ne? Ko kowa da idonsa?

Ummu_Hanifa
Wa alaikumus salam. Malam Bashir, a fili yake a wurinka domin kai ka rubuta manhajar, duk abin da bayanin bai faɗa ba kanka ne yake cikewa. Farashin wane kaya? Na buhu ko na kwano? Na yau ko na ranar da aka shigar na ƙarshe? Na sari ko na ɗai-ɗai? Idan kayan ba ya cikin jerin me zai dawo da shi? Ni abin da nake yi, nakan buga bayanan a takarda, in cire komai na manhajar, in miƙa wa wani da bai taɓa ganin aikin ba. Sai in karanta masa saƙonni goma irin na abokan ciniki, in ce a kowanne wane kayan aiki za ka ɗauka, me za ka zuba a gurabensa, wato wuraren da ake cike masa abin da yake buƙata kafin ya yi aiki. Duk inda ya tsaya ya tambaye ni, nan ne ramin yake.

Danladi_Zariya
Maganar Hajiya ita ce tushe. Mutane da yawa suna mantawa cewa injin, wato ƙwaƙwalwar AI ɗin da ke tuƙa ɗan aiken, ba ya ganin manhajarka sam. Abu uku kawai ke isa gare shi: suna, da bayani, da tsarin gurabe wanda ake rubutawa da JSON Schema, wata hanyar fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka yake tun da kamfanin OpenAI suka fito da tsarin kiran aiki, wato ba injin damar kiran kayan aiki, a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar jona kayan aiki da injinan AI, da kamfanin Anthropic suka fitar a Nuwamban 2024. Kamar ka aiki yaron da yau ya sauka a garin ne, ka ba shi takarda ka juya baya. Bambancin kawai shi ne yaro in ya rikice zai dawo ya tambaya. Injin sau da yawa cankawa yake yi, kuma ya canka da ƙarfin gwiwa.

Bashir_Dawanau
Na gane. To ke nan in tsawaita su?

Danladi_Zariya
Galibi eh. Takardar jagora ta Anthropic ma cewa ta yi a yi ƙoƙari kowane bayani ya kai jimla uku zuwa huɗu, ya wuce haka in kayan aikin mai sarƙaƙiya ne. Ka faɗi abin da yake yi, da lokacin da za a ɗauke shi, da lokacin da ba za a ɗauke shi ba, da ma'anar kowane gurbi, da abin da ba ya dawowa da shi.

sani_tokin
Ni nan nake da ja. Da zarar an ce jimla uku zuwa huɗu sai mutane su mayar da shi ƙirge. Na ga bayanin da ya cika sakin layi biyu, duk kirari ne: wai kayan aiki ne mai ƙarfi, mai sauri, mai sauƙin amfani. Ba jimla ɗaya da za ta taimaki injin ya yanke hukunci. Sannan kada a manta, bayanan nan gaba ɗayansu ana tura su ne tare da kowane saƙo. Kayan aiki 14 ba komai, amma ka haɗa sabar MCP huɗu ko biyar, wato manhajojin da ke kawo wa injin tarin kayan aiki, ka ga yadda dubban tokin, gutsattsarin rubutun da ake ƙirga kuɗin injin da su, ke ƙarewa tun kafin abokin ciniki ya yi sallama. Kuɗi ne, kuma wuri ne da ya kamata hira ta zauna.

Ummu_Hanifa
Ba wanda ya ce a yi kirari, Malam Sani. Amma "Yana dawo da farashin kaya" ba gajarta ba ce, rashin magana ne.

sani_tokin
Wannan na yarda, Hajiya. Ni dai kada tsawo ya zama ma'auni.

Abban_Fadila
Bari in ba ku abin da ya same mu, don Bashir ya ce nasa yana tura takardar biya. Muna da kayan aikin da ke buɗe wa mutum hanyar biyan kuɗi, gurbinsa ɗaya sunansa adadi, bayaninsa kuma "adadin kuɗin da za a biya". Tsarin da ke bayansa kobo yake karɓa, mu duk mun sani, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin rubutawa. Oda ta naira dubu 45, injin ya zuba 45000, takarda ta fita da naira 450. Mai saye ya biya, ya turo shaida, yana jiran kaya. Sai da muka kira shi muka ba shi haƙuri. Injin bai yi kuskure ba bisa abin da aka gaya masa. Tun daga ranar, duk gurbin da ke ɗauke da lamba sai na ga ma'auninsa a cikin sunan gurbin da kuma cikin bayanin, tare da misali. Idan na ga gurbin lamba ba ma'auni, ba na ƙarasa karanta sauran, na riga na kayar da bayanin.

Issoufou_Maradi
Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma abin ya fi haka rikici in an tsallako wajenmu. A tsarukan karɓar kuɗi ta intanet, Paystack kobo yake karɓa a naira, Stripe ma ƙaramin ma'auni yake karɓa a dalar Amurka, amma a Stripe ɗin sefa tana cikin kuɗaɗen da ba su da ɓari, 5000 na nufin 5000 ne. Injin da ya saba ninkawa sau ɗari zai iya ninka sefa ma in ba a hana shi ba. Ga kuma bakin kasuwa: a nan in mutum ya ce dala ashirin, sefa ɗari yake nufi, don dala ɗaya sefa biyar ce. Jika kuma dubu ce. Bayanin da bai san da wannan ba, ko ya yi kyau a takarda, a kasuwarmu bai ci ba.

Bashir_Dawanau
Wallahi wannan ya taɓa ni. Mu ma buhu ba ɗaya ba ne, akwai mai kilo 50 akwai mai kilo 100, kuma wasu da kwano suke tambaya, wasu da tiya. Ban rubuta ko ɗaya ba.

MJ_kwamfuta
Me zai hana ku bar wa injin aikin alƙalancin? Ni na rubuta jerin sharuɗɗa shida: manufa, lokacin amfani, iyaka, ma'anar gurabe, misali, da abin da ake dawowa da shi. Ina ba wani injin duk bayanan, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 5. Wanda ya gaza 4 sai a sake shi. Minti biyu an gama.

Malam_Garba_Samaru
MJ, hanyarka tana da amfani, amma ka san iyakarta. Abin da take aunawa shi ne ko bayanin ya yi kama da bayani mai kyau. Ba ta auna ko gaskiya yake faɗa ba. Ɗauki labarin Abban Fadila. Da sun rubuta "adadi da naira, misali 45000", alƙalinka zai ba su maki biyar, domin ga ma'auni ga misali, alhali tsarin kobo yake karɓa. Bayani mai tsari da ke ƙarya ya fi gajeren da bai ce komai ba haɗari.

Abu na biyu, in kana auna su ɗaya bayan ɗaya ba za ka taɓa ganin matsalar Bashir ba. Matsalarsa a tsakanin kayan aiki biyu take, na duba sito da na rubuta oda. Kowanne zai iya samun maki mai kyau shi kaɗai, amma in aka jera su sai iyakar gonarsu ta ɓace. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka tara saƙonni na gaske daga hirarrakin dillalin, ko 40 ne, da kuskuren rubutunsu da gaurayen Hausa da Turancinsu yadda suke. Ka rubuta wa kowanne abin da ya kamata ya faru. Sannan ka saki ɗan aiken a kansu ka duba: ya ɗauki kayan aikin da ya dace? Ya cika gurabe daidai? Da ya samu saƙon kuskure ya gyara ko ya yi ta maimaita abu ɗaya? Kuma wanda aka fi mantawa, a inda bai kamata ya taɓa komai ba, ya kame hannunsa? Jadawalin gwajin kiran aiki na Jami'ar Berkeley, wanda suka fara a 2024, yana da sashe na musamman a kan wannan: a ba injin kayan aikin da ba su dace da tambayar ba a ga ko zai ƙi kira. Ka sa irin waɗannan a naka. Wani zai turo gaisuwa kawai, wani zai tambayi ko Alhaji ya dawo daga tafiya.

Kuma kowane saƙo ka maimaita shi sau da yawa, domin injin ba ya ba da amsa ɗaya kullum. Sau ɗaya ya dace ba shaida ba ce.

MJ_kwamfuta
Malam, ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma wanda yake da kayan aiki 200 ba zai rubuta wa kowanne gwaji ba. Tawa rariya ce ta farko, tana kama waɗanda ba su da komai irin na Bashir.

Malam_Garba_Samaru
A matsayin rariya na yarda. Kada dai a kira makin da ta bayar inganci. Kuma wanda yake da kayan aiki 200 a gaban ɗan aike ɗaya, tambayar farko ita ce me ya sa.

Zainab_Data
Ƙari a kan maganar Malam. Idan kana gyara bayani kana sake gwaji da saƙonni iri ɗaya, a hankali za ka rubuta bayanin da ya haddace jarrabawarka. Ka ware kashi ɗaya ka ɓoye, kada ka duba shi sai ka gama gyara. Sannan ka canza bayani ɗaya a lokaci ɗaya. Na taɓa gyara biyar a zama ɗaya, sakamako ya sauka, na kwana biyu ban gano wanne ya ɓata ba.

ɗan_Agadez
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Da Hausa kuke rubuta bayanan ko da Turanci? Na ga misalin Bashir da Hausa.

Bashir_Dawanau
Da Hausa na rubuta, tunda masu sayen da Hausa suke magana.

sani_tokin
Ni da Turanci nake yi. Injinan sun fi ganin Turanci a horonsu nesa ba kusa ba, kuma Hausa ta fi cin tokin, musamman inda ƙ da ɗ da ɓ suka yi yawa. Bayanin ba mai saye ne zai karanta ba.

Ummu_Hanifa
Amma kalmar mai saye ce za ta tayar da kayan aikin. In ya ce "akwai wake a ƙasa?", dole injin ya gane cewa "a ƙasa" na nufin a sito, ba a zube a kan turɓaya ba. Ni jikin bayanin da Turanci nake yi, sai in zuba kalmomin kasuwa da Hausa a ciki yadda mutane ke faɗinsu, da ma'anarsu. Ina zargin ma wannan ce ta kayar da Bashir jiya.

Zainab_Data
Wannan ma abin gwadawa ne. Ka fassara bayanan, ka saki saƙonni iri ɗaya a kan nau'i biyun, ka ƙirga. Kuma abin da ya yi a injin wannan kamfani ba lallai ya yi a na wancan ba, har sabon zubi na inji ɗaya yakan canza hali. Duk ranar da ka canza inji, ka sake gwajin.

Haruna_Tsaro
Kowa yana maganar bayanin da shi ya rubuta. Wa ke karanta wanda wasu suka rubuta? Idan ka jona sabar MCP ta wani, bayanansa suna shiga kai tsaye cikin abin da injinka ke karantawa, kuma injin yana ɗaukarsu kusan kamar umarni. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna misali: kayan aikin da ke tara lamba biyu kawai, amma a cikin bayaninsa an ɓoye umarnin cewa injin ya karanto makullan sirri na kwamfutar mai amfani ya turo su ta wani gurbi, kuma kada ya faɗa masa. Mai amfani a allonsa taƙaitaccen suna kawai yake gani. Don haka a wurina sharaɗin farko na bayani mai kyau shi ne ya tsaya a kan kayan aikinsa. Da na ga bayani yana cewa "kafin ka yi kaza sai ka yi kaza", ko yana ba da umarni a kan wani kayan aikin da ba nasa ba, ko yana cewa a ɓoye wa mai amfani wani abu, sai in cire shi. Kuma a riƙa adana kwafin bayanin da aka amince da shi, domin mai saba zai iya canza shi bayan ka jona.

Danladi_Zariya
Haruna, akwai ɗan karo tsakanin maganarka da tawa. Ni na ce bayani ya ambaci lokacin da ba za a ɗauke shi ba, kuma hanya mafi kyau ita ce ya nuna ɗan'uwansa: "in tambayar ta yawan kaya ce, ɗauki duba_sito". Wannan ai umarni ne a kan wani kayan aikin.

Haruna_Tsaro
A cikin gida ɗaya ba laifi, kai ka rubuta duka biyun. Baƙon da ya shigo yana tsara wa 'yan gida aiki nake nufi. Haka alamomin nan na MCP irin su readOnlyHint da destructiveHint, masu nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya goge abu, suna da amfani, amma ƙa'idar MCP da kanta ta ce ishara ce kawai, kada a dogara da su in ba a amince da sabar ba.

Abban_Fadila
Mu dawo kan Bashir. Akwai abin da ba a faɗa ba: wani lokacin bayani ba zai gyaru ba sai an gyara kayan aikin. Anthropic sun ba da labari a rubutunsu na Disamban 2024 cewa lokacin da suke haɗa ɗan aike don SWE-bench, wani gwajin gyaran manhaja, sun ɓata lokaci a kan kayan aiki fiye da a kan babban umarnin da ake ba injin. Injin yana ta kuskure da gajerun adireshin fayil idan ya bar babban kundi. Maimakon su ƙara gargaɗi, sai suka sa kayan aikin ya ƙi karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya tafi. Kamar kusurwar katin SIM da aka yanke ne, ba sai an rubuta maka yadda za ka saka ba. Mu ma a ƙarshe abin da muka yi ke nan, gurbin ya koma karɓar naira, manhajar ta ninka da kanta. Bashir, gurbin ma'auni kada ka bar shi a buɗe, ka ba shi zaɓi rufaffe: buhu_50, buhu_100, kwano, tiya. Idan ka ga bayani ya cika da "kada" da "a kula", ka binciki kayan aikin.

Zainab_Data
Da saƙon kuskure. Shi ma bayani ne, sai dai a tsakiyar aiki yake zuwa. "Kuskure 400" ba ya koya wa injin komai. "Ba a san kaya mai suna waake ba, waɗanda ake da su: wake fari, wake ja, waken suya" zai sa ya gyara nan take.

Bashir_Dawanau
Allah ya saka da alheri, na kwana a kai. Ga sabon na sito: "Yana faɗin yawan wani kaya da ke cikin sito a yanzu, da buhu, tare da nauyin buhun. A ɗauke shi idan mai saye ya tambaya ko akwai kaya, ko nawa ya rage, ko ya ce akwai kaza a ƙasa. Ba ya ajiye wa kowa kaya, ba ya faɗin farashi, don farashi a ɗauki duba_farashi. Idan ba a san sunan kayan ba zai dawo da jerin sunayen da ake da su." Na oda kuma na ƙara masa cewa kada a kira shi sai mai saye ya faɗi kaya da yawa da ma'auni, kuma ya ce a rubuta. Na tara saƙonni 35 daga wayar Alhaji da izininsa, na goge sunaye da lambobi, na ware 10 kamar yadda Malama Zainab ta ce. Maganar wake a ƙasa ta gyaru. Amma wata ta ɓullo: yanzu in mutum ya ce "a sa min buhu biyar", sai ya tsaya yana tambaya ko da gaske a rubuta, har sau biyu.

Ummu_Hanifa
Madalla, wannan ya fi na farko nesa. Abu ɗaya: ka ce "a yanzu". Da gaske a yanzu ne, ko sai yaron sito ya shigar da lissafi da yamma? In na biyun ne, ka faɗa, kuma kayan aikin ya riƙa dawo da lokacin shigarwa ta ƙarshe. In ba haka ba zai yi wa mutum alkawarin kayan da aka loda tun safe.

Bashir_Dawanau
Da yamma ne, Hajiya. Zan gyara.

sani_tokin
Tambayar sau biyu kuma gargaɗinka ne ya yi nauyi. Ka ce sai ya ce "a rubuta", injin ya riƙe kalmar. Ka ba shi misalan abin da ake ɗauka a matsayin amincewa: a sa min, a ɗaure min, turo.

Haruna_Tsaro
Ni kuwa da zan bar shi ya tambaya. Oda kuɗi ce. Buhu biyar na wane nauyi? Mutumin bai faɗa ba.

Malam_Garba_Samaru
Wannan ba bayani ne zai raba ku ba, Alhajin ne. Bashir, ka tambaye shi wanne ya fi masa ciwo, a gajiyar da mai saye da tambaya ko a rubuta odar da ba a nema ba. Amsarsa ita za ka rubuta a matsayin daidai a gwajinka. Kafin nan ba ka da abin da za ka auna bayanin odar da shi.

Issoufou_Maradi
Kuma amsar za ta iya bambanta da mutum. Tsohon abokin ciniki da ke ɗaukar mota guda duk mako, in ka tambaye shi sau biyu zai kira Alhaji ya yi ƙorafi. Baƙo kuwa gara a tabbatar.

Bashir_Dawanau
Na tambaye shi bayan La'asar. Ya ce mutanensa na da kada a tambaye su, ya san buhun da kowannensu ke ɗauka, baƙi kuma a tambaya sau ɗaya. To ɗan aiken bai san waye tsoho waye baƙo ba, ba ni da kayan aikin da ke faɗin haka. In ƙara na 15 ke nan, ko in cusa shi cikin na odar?

Abban_Fadila
Cusa shi. Na odar ya duba lambar da kansa, in baƙo ne ya dawo da saƙon cewa a nemi tabbaci.

Danladi_Zariya
Ni da raba su zan yi, don gobe za ka buƙaci sanin tsohon abokin ciniki a wurin farashi ma, tunda sari daban. Gwada duka biyun a kan goman da ka ɓoye ka kawo mana abin da ka gani.

Zainab_Data
Ba a kan goman ba, Malam Danladi, a kan 25 ɗin. Goman a bar su sai ya zaɓa.